Gida a Kan Taya: Amsarmu ga Ɗanmu na Amurka



A makon jiya wani dattijo daga cikin mutanenmu ya zo zauren Sarkin Zango bayan la'asar, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan nawa na Amurka ya ce zai bar ɗakin haya ya koma zama a mota. Taɓin hankali ne ya same shi, ko talauci yake ɓoye mini?" Ya miƙo waya muka duba. Doguwar farar mota ce, a cikinta akwai gado da murhu da ɗan wurin wanka, a kan rufinta kuma allunan sola. Yaron ya rubuto cewa haya tana cinye kusan rabin abin da yake samu, aikinsa kuwa na kwamfuta ne, ko'ina ya zauna zai iya yin sa. Sarki ya ce a bincika kafin a ba da amsa. Da yake samarinmu ma suna ta yaɗa bidiyon irin waɗannan motoci a Facebook suna cewa wannan ita ce rayuwa, muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu a bainar jama'a.

Da farko dai yaron bai yi ƙarya ba, kuma hankalinsa ƙalau yake. A Amurka akwai mutane masu yawa da ba su da gida sai irin wannan mota, wadda ita ce ta fi cancantar sunan tafi-da-gidanka da muke laƙaba wa waya da kotu. Akwai wani gari a hamadar Arizona, Quartzsite, wanda mazaunansa na dindindin ba su kai 4,000 ba, amma idan sanyi ya kama jihohin arewa sai dubun dubatar motoci su sauka kewaye da shi. Yawancin filayen gwamnatin tarayya a yammacin ƙasar ana barin mutum ya yada zango a kansu kyauta har kwana 14, daga nan ya matsa gaba. Wasu wurare kuma an keɓe su domin dogon zama, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, a kan kuɗi. Da bazara ta shigo sai kowa ya watse, don zafin wurin kan wuce digiri 40.

Sai dai mutanen nan iri biyu ne, kuma masu bidiyo iri ɗaya suke nuna mana. Akwai waɗanda suka yi ritaya da fansho mai kauri, suka sayi mota mai tsadar gida domin yawon buɗe ido. Akwai kuma waɗanda aka kora daga gidajensu bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, ko kuɗin tsufansu ya kasa biyan haya. A kan waɗannan na biyu wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta rubuta littafin Nomadland a 2017, wanda aka mayar fim har ya ci babbar lambar Oscar a 2021. Fim ɗin ya faro ne daga garin Empire na jihar Nevada, inda aka rufe masana'antar da garin ya dogara da ita a 2011, mutane suka watse, har lambar gidan wayar garin aka soke. Tsofaffi masu shekara 60 da 70 suka riƙa bin aikin lokaci-lokaci: ɗakunan ajiyar kaya na Amazon gab da Kirsimeti, girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa a watan Oktoba, sharar wuraren shaƙatawa da rani. Mu a harshenmu wannan sunansa cin rani, sai dai ɗan cin raninmu yana da garin da zai koma idan damina ta faɗi.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta ɗauka. Ruwan da ke cikin tankin motar ƙidayayye ne, na sha da na girki da na tsarki da na alwala duk daga nan. Ƙazantar bayan gida a wani tanki take taruwa a ƙarƙashin inda kake barci, kai ne za ka nemi wurin da aka yarda a zubar, sau da yawa ka biya. Ranar da inji ya lalace, gidanka ne gaba ɗaya a garejin makaniki. Fili galibi daraja yake ƙarawa, mota kuwa tun ranar da aka saye ta take raguwa. Birane da dama sun hana kwana a mota a bakin titi, kuma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar garin Grants Pass, ta amince birane su hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Baturen da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa wa gilashi da ƙarfe biyun dare yana da fargabarsa. Baƙar fata, baƙo, mai suna irin namu, tasa fargabar daban ce.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar adireshi. Duk 'yancin da ake yabo, hukuma ba ta san mutumin da ba shi da mazauni ba. Lasisin tuƙi, inshora, banki, ƙuri'a, duk suna neman adireshi. Shi ya sa masu wannan zama suke yin hayar akwatin wasiƙa a jihohi irin su Texas da Florida da Dakota ta Kudu, inda a wannan ta ƙarshe rasiɗin kwana ɗaya a masauki yana cikin abin da ake karɓa a ba ka lasisi. Ɗan ƙasa ke nan. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama, doka ta ɗora masa sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 10 duk lokacin da ya sauya mazauni. Mu mutanen zango ba ma buƙatar a koya mana nauyin takarda. Iyayenmu sun ba mu labarin 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, aka loda mutanen da aka haifa a nan cikin manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba.

Wani daga cikin samari ya ce mana, ai ku jikokin fatake ne, me ya sa tafiya take ba ku tsoro? Tambaya ce mai kyau, tun da sunan unguwar tamu ma ma'anarsa inda ayari ke sauka. Gaskiya ne kakanninmu sun yi watanni a hanya tsakanin Kano da Salaga, su kawo kanwa da tufafi, su koma da goron Gwanja. Amma babu wanda ya yi tafiyar nan shi kaɗai. Akwai madugu, akwai jagaba a gaba, akwai malamin da ke jan salla, a kowane zango kuma akwai mai masauki da ya san sunanka da na mahaifinka. Wanda ya yi ciwo a ɗora shi a kan jaki, wanda ya rasu a yi masa wanka da salla. Su kansu masu motocin Amurka sun gano haka, shi ya sa suke haɗuwa a Quartzsite kowace Janairu suna koya wa juna gyaran mota da haɗa sola. Zango suke ƙoƙarin ginawa, amma na 'yan makonni.

Ta fuskar addini ba mu ga haramci ba, kuma ba mu yarda da masu gaggawar cewa haramun ne ba. Malamanmu na Malikiyya sun san mutumin da gidansa ke tafiya, don Mukhtasar na Khalil ya ambaci matuƙin jirgin ruwa da ke tare da iyalinsa, cewa shi ma yana yin ƙasaru. Niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya, Juma'a kuma ba ta wajaba a kan matafiyi ba. To amma rangwamen da aka yi domin kwanaki, idan saurayi ya mai da shi na shekaru, sai a wayi gari babu limamin da ya san fuskarsa, babu jama'ar da za ta tsaya masa ranar aure ko ranar da ta Allah ta kasance.

Amsar da Sarki ya sa aka rubuta ba hani ba ce. An ce masa idan takardunsa cikakku ne, ya kuma ajiye adireshinsa na gaskiya a gidan ɗan uwa wanda zai riƙa buɗe masa wasiƙun hukuma, to ya gwada shekara ɗaya, kada ya yi nisa da garin da ke da masallacin Juma'a. Ya ware kuɗin gyaran inji kafin ya miƙa makullin ɗaki. Abin da ya rage daga haya ya riƙa shiga wani asusu da mahaifinsa ya sani, domin fili ko ɗaki, a can ko a nan. Maganar ɗaukar 'yar mutane ya saka ta cikin mota kuwa, an ce kada ma ya kawo ta.

Mahaifin ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara masa cewa kowace Juma'a ya kira uwarsa ya gaya mata sunan garin da ya kwana." Muka ƙara.