Mu Koyi Aza Tubalin Shafinmu Da Hannunmu



Bara, mako biyu bayan bikin godiyar kaka, wayar sakataren zumuntarmu ta faɗa cikin ruwa a hanyarsa ta dawowa daga gona. Tare da ita muka rasa tsarin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa na shekara biyu, da jadawalin masu jan addu'a, da ɗan tarihin kafuwar ikilisiyarmu da wani tsoho ya zauna ya ba mu da bakinsa. Duka a WhatsApp suke, a waya ɗaya. Wasu mun tsinto su a wayoyin mutane, wasu kuwa sun tafi ke nan. Tsohon nan ma ya riga mu gidan gaskiya.

Tun daga ranar muke juya maganar nan, yau kuma muna so mu faɗi ra'ayinmu a fili. Ya kamata kowace zumuntar matasa a Ƙaraye da Rogo ta ware awa ɗaya a mako don koyon HTML, wato harshen alamomin da ake gina shafukan intanet da shi.

Kada sunan ya ba ku tsoro. Ku ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunku ku duba. Akwai sunan littafi da manyan haruffa, akwai lambar sura, akwai kan magana, akwai lambobin ayoyi. Waɗannan duka alamomi ne da aka sa wa rubutu domin mai karatu ya san inda yake. Aikin HTML ke nan. Kana rubuta maganarka, sai ka sa mata alama gaba da baya. Ka sa <h1> a farkon layi, ka rufe da </h1>, layin ya zama babban kan magana. Ka sa <p> ka rufe da </p>, ya zama sakin layi. Alamar <a> ita ke haɗa shafi da wani shafi, <img> ta kawo hoto, <ul> da <li> su jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riƙe alamomi goma sha biyu zai iya shirya shafin sanarwar ikilisiya. Manhajar buɗe shafuka, irin su Chrome, ita ke karanta alamomin ta nuna shafin yadda aka tsara shi.

Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro wannan tsari lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janiba a Suwizalan. Ya gabatar da shawararsa a 1989, kuma takardar farko da ta bayyana HTML a 1991 alamomi 18 kawai ke cikinta. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta sake wa duniya fasahar kyauta. Don haka ba wanda za mu biya kuɗin izini, kuma ba kamfanin da zai wayi gari ya ce ya rufe mana ita. Shafin farko da aka rubuta a wancan lokaci har yau yana buɗuwa. Ku gwada wannan da saƙon WhatsApp na shekara biyar da suka wuce.

Dalilinmu na farko ke nan: abin da aka rubuta da HTML namu ne. Rubutu ne tsagwaronsa, ba nauyi, bai kai rabin hoto ɗaya ba. Ana iya tura shi wayoyi ashirin, a ajiye a katin waya, a sa a kwamfutar ofishin fasto, kuma yana buɗuwa ko babu data. Da tarihin tsohon nan a irin wannan shafi yake, da ruwa bai ci shi ba.

Dalili na biyu ya shafi harshenmu. Sunan garinmu da ƙ mai lanƙwasa ya fara. Sau nawa muka ga Ƙaraye ta fito a shafi da alamar tambaya ko ɗan akwati a maimakon harafin farko? Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai karatun Hausa, domin kafa dabam, ƙafa dabam. Bata dabam, ɓata dabam. Haruffanmu ɓ, ɗ da ƙ duka suna da gurbinsu a tsarin Unicode da duniya ke amfani da shi. Abin da ake bukata shi ne mai gina shafin ya sa layi ɗaya a samansa, <meta charset="utf-8">, ya kuma rubuta lang="ha" don a san shafin na Hausa ne. Wanda bai damu da Hausa ba sau da yawa bai ma lura haruffan sun lalace ba. Mu da muke waƙa da addu'a da ciniki da ita, mu za mu lura. Kakanninmu da yawa a ajin yaƙi da jahilci da ajin majami'a suka koyi haɗa baƙi da wasali, har suka iya rubuta wa 'ya'yansu wasiƙa. Wannan shi ne ajin zamaninmu.

Mun san abin da za a ce, domin mun ji shi a taronmu. Wani ɗan'uwa ya ce, "Ba mu da kwamfuta, wuta ma sai an ga dama." Gaskiya ne. Amma matakin farko ba ya bukatar kwamfuta. Waya mai Android da ƙaramar manhajar rubutu sun isa: ka rubuta, ka ajiye da suna mai ƙarewa da .html, ka buɗe ka ga aikinka. Rubutu a ƙaramin allo yana da gajiya, ba mu musa ba. Sai dai wayar da muke kwana muna kallon bidiyo da ita ba ta taɓa gajiyar da mu ba.

Wata 'yar'uwa ta ce Facebook ya wadatar. Facebook kasuwa ce, kuma ba mu ce a daina zuwa kasuwa ba. Amma rumfar haya ce, mai kasuwa ke yanke wa zai ga kayanka da lokacin da zai gani. Mutum yana cin kasuwa ya koma gidansa. Mu gidan ne ba mu da shi.

Wani kuma ya ce yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta shafi cikin minti ɗaya, don me za mu wahala? Suna yi, mu ma mun gwada. Amma ranar da shafin ya karkace, ko sunan ƙauyenku ya fito ba daidai ba, wa zai gyara? Mai babur da bai san inda fulogi yake ba, tura babur zai yi daga Zarewa har Rogo.

Akwai kuma abin da bai kamata mu ɓoye muku ba. HTML kaɗai ba za ta ba kowa aiki ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinku ya ce bayan mako biyu za ku fara cin dala, ku riƙe aljihunku. Ita tubali ce. A kanta ake ɗora CSS mai kula da launi da tsari, sannan JavaScript mai sa shafi ya yi aiki. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da nufin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, kuma gina manhaja na cikin darussansa. Idan irin wannan dama ta zo, ɗan Tudun Kaya ko Fulatan zai zauna aji ɗaya da wanda ya taso a birnin Kano ko Zariya da kwamfuta a ɗakinsa. Idan ya riga ya taɓa gina shafi, ko da a waya ne, ba zai shiga ajin a ɗarare ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Amfanin ma ba sai an jira birni ba. Mai noman rani a bakin dam ɗin Challawa yana da tumatir da albasa da yake so dillalai su sani. Mai ɗinki tana da samfurin da take so a gani. Makarantar unguwa tana da jadawalin da iyaye ke nema. Matashin da ya iya shirya musu shafi mai tsabta da Hausa mai kyau ya yi wa maƙwabcinsa hidima, Kirista ne ko Musulmi, kuma ya sami na sabulu da guminsa.

Ga iyayenmu da dattawan ikilisiya, mun fahimci fargabarku. Kun ji labarin yaran da suka shiga damfara ta intanet, shi ya sa kuke zargin duk yaron da ya daɗe a kan waya. Maganin wannan shi ne a yi karatun a fili, a harabar majami'a, da rana, inda kowa zai leƙo ya ga abin da ake rubutawa. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kiyaye amana: lambar wayar mutum, da adadin baikonsa, da hoton ɗansa ba za su hau shafin da duniya ke gani ba sai da yardarsa.

Ga abin da muke roƙo. Ranar Lahadi mai zuwa, bayan sujada, kowa ya zo da wayarsa a cike da caji, da biro da littafin rubutu. Wanda ba shi da waya ya zauna kusa da mai ita. 'Yan mata su zauna a gaba, kada a bar su da ɗebo ruwa ana karatu. Darasin farko alamomi uku ne kawai: kan magana, sakin layi, da jeri. Aikin gida kuma shi ne kowa ya je wurin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a ikilisiya, ya tambayi yadda aka fara taruwa a ƙauyensu, ya rubuta da Hausa mai lanƙwasa, ya kawo mu haɗa.

Ubangiji ya ba mu himma da haƙurin koyo. Amin.