Mudun Ɗaukar Ɗan Sanda

Ga wata magana a kan mudun da ake auna samari da shi kafin a ba su kakin ɗan sanda a Nijeriya.

A ɗaukar kurata da aka yi shela a 2023 an ce mai nema kada ya gaza shekara 18, kada kuma ya wuce 25. Tsawon namiji ya kai mita 1.67, na mace 1.64, ƙirjin namiji kuwa santimita 86 in ya cika shi da numfashi. Ba a ɗaukar mai in'ina, ko mai gwame, ko mai raunin gani, ko mace mai juna biyu. Daga nan sai a miƙa shi ga likita.

Waɗansu suna ganin wannan tsanani ne. Alhali kuwa adalci ne. Mutumin da zai kwana tsaye a bakin kasuwa cikin hunturu, ya bi ɓarawo da gudu, ya shaida fuska da dare, lalle sai mai ƙarfin jiki da lafiyar ido. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Horo ya fi kama yaro.

Aibin ba ga mudun yake ba, yana ga masu lotsa gindinsa. Da yawa an haife su a gida, ba a rubuta ranar ba. Saboda haka aka yarda mutum ya je kotu ya yi rantsuwa a kan shekarunsa. To, sai wannan sauƙi ya zama ƙofar ƙarya. Ɗan shekara 30 ya rantse 25 gare shi, uba ya biya, wani kuma ya sayo takardar lafiya ba tare da likita ya taɓa shi ba.

A duba lissafin. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce a ajiye aiki bayan shekara 35 ana yi, ko in an cika 60 da haihuwa. Wanda ya zaftare biyar, ran da takarda ta ce 60, gwiwarsa tana cewa 65. Tsufa ba ya karanta takarda. Kafin nan kuwa ya tare gurbin yaron da ya faɗi gaskiya.

Attajirin da ya saya wa ɗansa shekaru ya tuna, irin wannan kurtu ne za a ba gadin rumfarsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda kuma ya shiga aiki da toshiya, a kan hanya zai nemi mayar da kuɗinsa, daga aljihun fatake da direbobi.

Malamai sun fi kowa sanin nauyin rantsuwa a kan ƙarya. Ya kamata su faɗa wa iyaye tun ranar suna, a kai sunan jariri ofishin Hukumar Ƙidaya a karɓo takardar haihuwa. Likita kuma ya auna da hannunsa kafin ya sa hannu.

Allah Ya sa a gyara. Wassalam.