Dandalin sada zumunta: a hannun wa makullin ƙofa yake?

Kamar yadda kowa ya sani, wasiƙar da aka jefa a gidan waya na Damagaram tana isa Makka ko Faransa, domin tun 1874 ƙasashe suka amince da ƙa'ida ɗaya ta aikin gidan waya. Haka nan mai layin Airtel yake kiran mai layin Moov ba da neman iznin kowa ba. A dandalin sada zumunta na intanet kuwa, al'amarin ya sha bamban. Mai Facebook ba shi da hanyar aika saƙo ga mai X, kuma duk wanda ya ƙera manhaja don shiga waɗannan dandali, baƙo ne a gidan wani.

An taɓa gwada ƙa'ida ta bai ɗaya. Ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar da Facebook ya buɗe tasa ƙofar bisa sharuɗɗansa, wato 2007, Google ya fito da OpenSocial, MySpace da waɗansu suka shiga, da nufin manhaja guda ta yi aiki ko'ina. Facebook bai shiga ba, kuma shi ya rinjaya.

Abin da zaman baƙunci ke jawowa ya bayyana a 2023. Cikin watan Janairu, Twitter ya toshe manhajoji irin su Tweetbot da Twitterrific ba da gargaɗi ba, alhali sun fi shekara goma suna kawo masa jama'a. Reddit ya sa kuɗi a ƙofa. Mai manhajar Apollo ya lissafa zai riƙa biyan dalar Amurka miliyan 20 a shekara, sai ya rufe ranar 30 ga Yuni.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A 2018 aka gano wata manhaja ta kwashe bayanan mutane har miliyan 87 daga Facebook, suka faɗa hannun Cambridge Analytica. Sai dai tsaron gida daban, karɓar kuɗin shiga daban, kuma wanda ya hana baƙo shiga shi kaɗai ke cin kuɗin talla.

Ƙa'idar da ba mallakar kowa ba tana nan: ActivityPub, wadda hukumar W3C ta amince da ita a 2018, kuma da ita Mastodon yake aiki. Meta ya fara haɗa Threads da ita a watan Maris na 2024, amma sai mai amfani ya kunna da kansa. A wannan watan ne kuma dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa WhatsApp shirin karɓar saƙo daga waɗansu manhajoji. Wannan doka iyakarta Turai. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke cinikinsa ta WhatsApp ba ya cikinta.