Bangon Ganye da Iskar Ofis

Tun da masanin tsirrai ɗan Faransa, Patrick Blanc, ya lulluɓe bangon gidan tarihi na Quai Branly a Paris da ganye, masu gina ofisoshi suka kamu da son lambun da ke hawa bango. Ni ma ina sonsa, ido na hutawa a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tallar da ake yi cewa yana tsarkake iska. Tushen maganar binciken hukumar NASA ne na 1989, inda tsirrai suka rage sinadarai masu guba irin su fomaldihayid, amma fa cikin ƙananan akwatunan da aka rufe ruf. A 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Drexel a Amurka suka bi gwaje-gwajen da aka yi a baya, suka tarar sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin a kamo aikin da shigowar iskar waje ke yi. Bangon da ke taɓuka wani abu shi ne wanda fanka ke zuƙo iska ta cikin saiwoyinsa, ƙananan halittun da ke can su cinye gubar. Shi kuma yana cin wuta da ruwa da kuɗin mai kula, in aka yi sakaci ya yi fumfuna. Ma'aikacin da ke hamma da ciwon kai bayan azahar iskar waje yake bukata, kuma kamfanin da ya zuba kuɗi a ganye alhali matatun na'urar sanyaya ɗaki sun toshe da ƙura bai kyauta masa ba.