A Sakar wa Masu Buƙata ta Musamman Gurbinsu

Jama'a, akwai wani zalunci da ake yi kullum da rana tsaka a bainar kowa, kuma har yau mun ƙi kiran sa da sunansa. A harabar manyan kantunan zamani na biranenmu akan ware gurbi ɗaya ko biyu na ajiye mota dab da ƙofar shiga, a shafa masa shuɗin fenti, a zana hoton mutum zaune a keken guragu. Domin wanda ƙafarsa ba ta ɗaukar sa aka ware shi. Amma je ka tsaya ranar Asabar da yamma, ko jajibirin sallah, ka zuba ido. Za ka ga ƙato lafiyayye ya shararo da mota, ya daidaita ta a kan wannan zane, ya fito yana kaɗa mukulli, ya shige abinsa. Maigadi kuwa ko dai ya kau da kai, ko ma shi ne ya janye abin da aka tare wurin da shi ya yi wa mutumin iso.

Idan ka yi masa magana, amsar ba ta wuce uku. "Minti biyu kawai zan yi." "Ai babu kowa a wurin." In kuma ya ji kansa ya isa, sai ya tambaye ka ko ka san da wanda kake magana. Wa ya taɓa shiga katafaren kanti ya fito a minti biyu, ga zaɓen kaya, ga layin biyan kuɗi, ga na'urar cirar kuɗi da ke ƙin aiki? Batun babu kowa kuwa, ai dama haka ake so wurin ya zauna, babu kowa, har mai shi ya zo. Shi bai san lokacin da za ka fito ba. Abin da zai gani kawai shi ne mota a gurbinsa. Daga nan ko dai ya yi ta zagaye yana ƙona mai, ko a sauke shi a tsakiyar hanya motoci na yi masa hon, ko ya juya gida da buƙatarsa a zuci. Ku kuwa ba za ku taɓa haɗuwa ba, shi ya sa abin ba ya damun ka.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka kusanci da ƙofa ne kaɗai amfanin wannan gurbi, wato wata alfarma ce ta rage tafiya. Babban sirrinsa faɗinsa ne. Mai keken guragu ba ya iya zamewa ta ƙofar da aka buɗe rabi kamar yadda ni da kai muke yi. Sai an wangale ƙofar gaba ɗaya, an fito da keken, an buɗe shi, an jingina shi da kujerar mota, an danne birkinsa, sannan ya dafa da ƙarfin hannuwansa ya ɗaga jikinsa ya koma kai. In wani ne zai ɗauke shi, shi ma yana buƙatar wurin tsayawa da sunkuyawa. Shi ya sa a ƙa'idar Amurka, wadda ta biyo bayan dokarsu ta haƙƙin nakasassu ta 1990, faɗin gurbin ba ya gaza ƙafa 8, sannan a gefensa a bar wani fili mai faɗin ƙafa 5 da aka ja wa layuka a karkace. Sun kuma ce filin da ke ɗaukar mota 25 dole ya ware gurbi ɗaya, mai mota 100 ya ware huɗu. Wannan filin mai layuka shi ne mu kuma muke cusa babur a ciki, ko mai adaidaita sahu ya tsaya jiran fasinja, ko ma'aikatan kantin da kansu su tara kwandunan tura kaya. Sai mutum ya gama sayayya ya dawo ya tarar an toshe gefen motarsa, ba shi da hanyar shiga sai an yi ta cigiyar mai babur.

Nisan ma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke zaune a keke tsayinsa bai wuce na yaro ba, direban babbar mota da ke ja da baya ba lallai ya hango shi a madubi ba. Duk layin motocin da aka tilasta masa ratsawa kasada ce da ransa. Ƙara da ranar watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura maki 40, kwalta na huci, ƙarfen da yake murza tayar da shi na ƙona tafin hannu. Ƙara da ruwan Agusta, shi kuwa hannuwansa biyu na kan taya, ba ya da na riƙe lema. Haka mai sanduna biyu a kan daɓe mai santsi. Haka tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ɗanta na tallabe da ita taki ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ce babu doka. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, bayan shekaru masu yawa ana kai ta ana dawo da ita tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa. Sashe na 12 na dokar kan wannan magana yake kai tsaye. Ya ce a wuraren ajiye motoci na jama'a a ware gurabe a yi musu alama. Lafiyayyen da ya ajiye mota a wurin, tararsa naira 5,000. Wanda ya toshe wurin da gangan, shi ma naira 5,000. Mai kula da filin da ya ƙi ware gurbin, naira 1,000 a kowace ranar da ya yi bai ware ba. Dokar ta kuma yi adalci, ta ce idan mai nakasar fasinja ne a motar, direbansa bai yi laifi ba. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta kula da masu buƙata ta musamman domin ta tsaya a kan aiwatarwa. Tun kafin nan, a 2010, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Legas ta yi tata dokar tun 2011, jihohi irin su Filato da Jigawa da Kano da Kaduna su ma suna da nasu.

To ina gizo ke saƙa? Da farko tarar ta mutu tun ba a fara karɓar ta ba. Naira 5,000 a yau ba ta sayen man fetur lita goma. Wanda ya shiga kanti ya kashe dubu ɗari a kayan shayi ba zai ji ta a jikinsa ba. Naira 1,000 a rana kuwa, a shekara guda naira 365,000 ke nan, kuɗin da babban kanti zai iya haɗawa kafin azahar. Na biyu, dokar ta ce sai kotu ta samu mutum da laifi, to wa zai kama shi, wa zai kai shi? Jami'an KAROTA a Kano da takwarorinsu na Kaduna da 'yan hukumar kiyaye haɗurra a bakin titi suke aiki, harabar kanti kuwa ana ɗaukar ta gidan wani. Mai kanti na jiran hukuma, hukuma na jiran mai kanti, mai keke na jira a rana. Na uku, dokar ta shar'anta cewa motar mai nakasa ta ɗauki wata alama ta shaida. Muddin ba a wadata masu haƙƙi da wannan alama ba, ba a kuma nuna wa masu gadi kamanninta ba, to an bar ƙofar gardama a buɗe.

Wannan giɓi ba mu kaɗai ke fama da shi ba. A Ingila suna da shuɗin kati da ake ajiyewa a gaban gilashin mota, wanda ya yi amfani da shi ta haramtacciyar hanya ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Duk da haka tsarin katin na titunan gwamnati ne, filayen manyan kantuna mallakar kamfanoni ne, kuma nakasassun ƙasar sun daɗe suna kuka a kan mamaye musu gurabe a can. Da matsin lamba ya yi yawa, a 2008 kamfanin kantuna na Asda ya fara cin tarar fam 60 a filayensa da kansa. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne mai fili ba ya buƙatar jiran ɗan sanda kafin ya tsare filinsa. Kantin da ya iya tsayar da ni a ƙofa ya duba rasit ɗina da ledata, ya iya tsare gurbi biyu.

Amma kada mu sauke fushinmu a kan maigadi. Bawan Allah ne da albashinsa bai taka kara ya karya ba, yana tsaye tun safe. Idan ya hana mai babbar mota, za a zage shi, a kira manaja, manaja kuma ya fito yana ba yallaɓai haƙuri, shi a yi masa barazanar kora. Idan ya buɗe masa, zai samu na goro. Wanne kake zato zai zaɓa? Maigadi ba zai tsaya ba sai ya tabbata maigidansa na bayansa.

Akwai kuma abin da ya fi doka zurfi, wanda ya kamata mu faɗa wa kanmu ko da ɗaci. A zukatan da yawa daga cikinmu, gurgu a ƙofar kanti mabaraci ne, ba mai sayayya ba. Muna iya miƙa masa naira ɗari ta taga, amma ba mu yarda cewa zai iya zuwa da motarsa da katin bankinsa ya zaɓi abin da ransa ke so ba. Daga nan ne ake samun masu cewa, su nawa ne ma masu motar? Suna da yawa, kuma da sun fi haka fitowa da ba mu kore su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya na rayuwa da nakasa mai tasiri. Mu a Arewa mun fi kowa sanin abin da shan inna ya bari. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka, yaran da ta shanye wa ƙafafu kuwa yau magidanta ne, cikinsu akwai malamai da 'yan kasuwa da lauyoyi da maƙera. A Kano su da kansu suke ƙera kekunansu masu taya uku. A gasar nakasassu ta Rio a 2016 'yan Najeriya sun ɗauko zinare 8, a shekarar da lafiyayyun 'yan wasanmu suka dawo da tagulla ɗaya. Ga sojojin da suka bar ƙafa a fagen daga, ga waɗanda bam ya raunata, ga waɗanda haɗarin hanya ko ciwon suga ya raba da gaɓa. Hausawa na cewa ba a gama wa ɗan Adam halitta sai ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Wanda ya tare gurbin nan yau bai san da wace ƙafa zai wayi gari ba.

Kuma mu ne masu karanta surar Abasa, mun san a kan wa ta sauka: Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har akan bar masa riƙon Madina idan an fita. Masarautunmu tun da daɗewa suna naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, alamar cewa jama'a ce mai kujera a gari. Abin kunya ne a ce mutumin da ya taso a wannan tarbiyya sai an sa masa tara kafin ya bar wa gurgu hanya.

Saboda haka, masu manyan kantuna, ku ne na farko. Ku auna gurbin da faɗinsa na gaskiya, ku sabunta fentin da ya goge, ku kafa allo a tsaye da Hausa da Turanci inda direba zai gani tun kafin ya karya kan mota. Ku kwashe kwandunan da janareta da teburan talla daga wurin, ku buɗe gangaren da keke ke hawa. Ku tara masu gadinku ku ce musu a gaban kowa: duk wanda ya hana lafiyayye wannan wuri, ko wane ne shi, aikinsa ya yi, ba mai taɓa shi. Wanda ya yi taurin kai a kira lambar motarsa a lasifika, kada a yi masa lissafin kaya sai ya gusar da ita.

'Yan majalisa su ɗaga tarar ta kai inda za ta yi zafi. Gwamnatocin jihohi su ba hukumomin kula da zirga-zirga ikon shiga harabar kantuna a rubuce, hukumomin tsara birane kuma su daina sa hannu a taswirar kantin da ba ta nuna gurbin ba. Hukumar masu buƙata ta musamman ta sauƙaƙa samun alamar shaida a kowace jiha. Limamai da fastoci su ba abin huɗuba ko da guda ɗaya, gidajen rediyo su buɗe layi masu abin su faɗa da bakinsu.

Sai mu, masu tura kwando. Idan ka ga wani na shirin shiga wurin, yi masa sallama ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, nan na masu lalura ne, ga wuri can." Da ladabi, domin ba kowace lalura ido ke gani ba. Akwai mai ciwon zuciya, akwai mai sikila, akwai mai ƙafar roba a cikin wando, kada garin neman lada ka ci mutuncin mai haƙƙi. In ya nuna maka shi lafiyayye ne kuma ya ƙi, kada ka yi faɗa, nemi manaja ka shaida masa, ka kuma gaya masa za ka kai kuɗinka inda ake mutunta mutane. Hajiya, ki ja kunnen direbanki. Maigida, 'ya'yanka na kujerar baya suna kallon inda kake ajiye mota. Ranar da za ka je kanti a makon nan, ko da filin ya cika maƙil, ko da sauri kake, wuce shuɗin gurbin nan ka ajiye can nesa, ka tako da ƙafafun da Allah ya ba ka.