Sharhi: Mai gadi ko ɓarawo? Yadda manhajar tsaro ke kama da mai satar rubutu

A ƙarshen watan Maris na 2011 labari ya bazu cewa kamfanin Samsung yana sayar da kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da kiloga, wato manhajar da ke naɗe duk harafin da mutum ya danna a ɓoye. Manhajar riga-kafi mai suna VIPRE ce ta yi ƙararrawar. Ba a daɗe ba gaskiya ta fito: wata jaka ce mai suna SL, wadda ke ɗauke da fayilolin harshen Sulobeniya na Windows Live, aka ɗauka ta manhajar leƙen asiri ta StarLogger. Kamfanin GFI, mai VIPRE a lokacin, ya amsa kuskurensa.

Shekara 6 bayan haka aka ga akasin wannan. A watan Mayun 2017 kamfanin Modzero na ƙasar Suwizalan ya gano cewa manhajar sauti ta Conexant da ke cikin wasu kwamfutocin HP tana rubuta duk abin da aka danna a cikin wani fayil da ke buɗe ga duk mai amfani da na'urar. An saka ta ne domin ta gane lokacin da aka danna maɓallin kashe makirufo, kuma HP ya fitar da gyara. Amma duk wanda ya samu fayil ɗin, ya samu kalmomin sirri.

Waɗannan labarai biyu suna amsa tambayar da ke ƙara tasowa yayin da bankuna da kamfanoni ke rungumar tsaro mai lura da ɗabi'a: shin za a iya ɗaukar irin wannan manhaja a matsayin kiloga? Za a iya, kuma akwai dalili.

Riga-kafin da aka saba da shi yana aiki ne da jerin sunayen cututtukan da aka riga aka sani. Sabon salo kuwa aiki yake kallo. Idan wata manhaja ta nemi Windows ya riƙa sanar da ita duk maɓallin da aka taɓa, sai riga-kafi ya zarge ta, domin abin da kiloga ke yi ke nan. Sai dai ta wannan ƙofar ce kuma manhajoji masu amfani ke bi: masu karanta wa makafi allo, masu sauya harshen rubutu, har ma da waɗanda aka ƙera musamman domin kare mutum daga kiloga. Shi ya sa wata manhajar tsaro kan kama ƴar'uwarta.

Akwai kuma nau'i na biyu, wanda mutum yake kallo maimakon manhaja. Kamfanoni irin su BioCatch na Isra'ila da BehavioSec, wanda aka kafa a Suwidin, suna sayar wa bankuna fasahar da ke auna tsawon lokacin da yatsa ya yi a kan maɓalli, da tazarar da ke tsakanin harafi da harafi, da yadda ake riƙe waya. Dabarar tsohuwa ce. A lokacin yaƙin duniya na biyu, masu sauraren saƙonnin tangaraho sukan gane ma'aikacin da ke aikawa daga salon bugunsa. A yau, idan ɓarawo ya sace lambar sirri ya shiga asusu, salon hannunsa zai bambanta da na mai asusun, sai banki ya dakatar da fitar kuɗin. A watan Yunin 2019 hukumar kula da bankuna ta Tarayyar Turai ta amince da salon danna maɓallai a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin tabbatar da mai asusu.

Masu sayar da fasahar suna cewa yadda aka rubuta suke aunawa, ba su ajiye abin da aka rubuta. Bambancin na gaske ne, amma iyakar siririya ce. Tun a 2001 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka nuna cewa tazarar lokaci tsakanin maɓallai kaɗai tana iya taimakawa wajen hasashen kalmar sirri. Kuma manhajar da ke auna lokacin kowane danni tana zaune ne a wurin da za ta iya ganin harafin in an so. A watan Agustan 2022 mai bincike Felix Krause ya nuna cewa burauzar da ke cikin TikTok a wayoyin iPhone tana ɗauke da umarnin da ke iya bibiyar abin da ake dannawa a shafukan da aka buɗe. TikTok ya ce umarnin na gyaran matsaloli ne kuma ba ya tattara rubutun. Mai waya dai ba shi da hanyar tabbatarwa da kansa.

Saboda haka, duba fasahar kaɗai ba ya raba gardama. Abin da ke rabawa tambayoyi uku ne: me aka ajiye, ina aka aika da shi, kuma shin mai na'urar ya sani ya yarda? Kotuna ma nan suka fi karkata. A watan Yulin 2017 kotun ƙwadago ta tarayyar Jamus ta ƙi karɓar shaidar da wani kamfani ya tattara da kiloga a kan ma'aikacinsa, saboda babu wani takamaiman zargi kafin a dasa ta. A Faransa, hukumar CNIL ta bayyana cewa dasa wa ma'aikata irin wannan manhaja ya wuce iyaka, sai in akwai babban dalilin tsaro.

Batun ya shafi Hausawan Garwa da Injamena da zangon Kumasi ta hanyar da ba kowa ke lura ba. Domin rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, mutane da dama kan sauke allon rubutu na daban, kuma Android kan yi gargaɗi cewa sabon allon zai iya ganin duk abin da aka rubuta, har da kalmomin sirri. Gargaɗin ba ya nufin allon ɓarawo ne, domin kowane allo aka saka sai ya fito. Amma ba wasa ba ne: a watan Disamban 2017 bayanan mutane kimanin miliyan 31 masu amfani da allon ai.type sun fallasa a intanet. Wayar da ake rubuta gaisuwa da ita, da ita ake tura kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo. Ga kuma ɗakunan intanet na haya, inda ɗalibi ko ɗan kasuwa ke shiga akwatin imel a kwamfutar da bai san abin da aka dasa mata ba.

Dokoki suna nan. Ghana na da dokar kare bayanai tun 2012, Najeriya ta yi tata a 2023, Kamaru a watan Disamban 2024, Nijar kuma na da hukumar HAPDP. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta fara aiki a watan Yunin 2023. Aikin da ya rage wa hukumomin shi ne su tilasta wa bankuna da kamfanonin sadarwa su faɗa a fili, cikin harshen da abokan hulɗarsu ke ji, ko suna auna salon hannu, da tsawon lokacin da suke ajiye bayanan. Takardar sharuɗɗa da Faransanci mai shafuka da yawa ba ta isa a kira ta yarda ba ga wanda bai iya karanta ta ba.

Shi kuma mai na'ura, idan riga-kafi ya yi ƙara, kada ya yi saurin gogewa, kada kuma ya yi biris. Ya duba sunan fayil ɗin da kamfanin da ya sa masa hannu, ya sabunta riga-kafin, ya gwada da wani daban. A waya, ya leƙa jerin manhajojin da aka bai wa izinin taimakon masu buƙata ta musamman, domin ta nan cututtukan satar kuɗin banki irin su Anubis da Cerberus ke karanta allo. Manhajar tocila ko ta wasa da ta nemi wannan izini, cire ta ya fi.