Tallafin LEAP Da Tazarar Haihuwa A Zangunanmu

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun Nima da Aboabo, wai matan da ke karɓar tallafin gwamnati suna ƙin tazarar haihuwa ne domin a ƙara musu kuɗi. Mai faɗin haka bai zauna ya yi lissafi ba. Shirin LEAP, wanda gwamnatin Gana ta fara a 2008, an kafa shi ne domin gidajen da talauci ya yi wa katutu, masu riƙon marayu, ko tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, ko naƙasassu, daga baya aka shigar da masu juna biyu da masu goyo. A tsarin 2015, gida mai mutum ɗaya sidi 64 yake samu duk wata biyu, mai mutum biyu 76, kuma daga mutum huɗu abin ya tsaya a 106. An ƙara kuɗin daga baya, amma tsadar kasuwa ta riga shi gudu. Wace uwa ce za ta ɗauki cikin wata tara da azabar naƙuda saboda abin da bai isa cefanen mako ba?

Gaskiyar lamari, rashi ne ke hana tazarar. Allurar ta wata uku-uku ce. Mai sayar da koko da ƙosai, ranar da ta je asibiti ta rasa cinikin safiya, ga kuɗin mota, ga dogon layi. Sai ta ɗaga zuwa mako mai zuwa, makon ya zama wata, kwanika ta shigo tana goyon ɗan wata bakwai. Wadda kuma ba ta da sisin kanta, dole ta roƙi maigida, shi kuwa sau da yawa tambayar ma ba ya son ji.

A ganina, mafi amfanin LEAP shi ne katin inshorar lafiya na NHIS da ake yi wa masu karɓa kyauta. Tun daga Janairun 2022 katin ya ƙunshi allura, da abin da ake sawa a damtse na shekara uku zuwa biyar, da na cikin mahaifa. Sai dai kati yana mutuwa duk shekara, kuma yawancin iyayenmu mata sai a bakin tagar asibiti suke sanin ya mutu.

Ta fuskar addini, malamai da dama sun halatta tazara da yardar ma'aurata, bisa ƙiyasi da azalu da sahabbai suka yi, kuma Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu cikakku. Abin da mafi yawansu suka hana shi ne tsayar da haihuwa ɗungurungum ba da larura ba.

Saboda haka ina roƙon sarakunan zango da limamai da magajiyoyi: ranar biyan LEAP mata suna taruwa wuri guda. A gayyato ma'aikatan NHIS su zauna a wurin su sabunta katuna, a kuma samu ungozoma mai jin Hausa a gefe.